In Tsoho Ya Ƙi Shan Magani

A cikin birnin Kano akwai gidaje da yawa da ake jinyar tsoho mai ciwon huhu. Tari ya dame shi, numfashi yana yi masa wuya. An kai shi asibitin Murtala, nan Ƙofar Mata, an ba shi magani. Ya sha kwana kaɗan, ya ce ya gaji. Mai jinya ta rasa abin yi. Waɗansu sukan daka ƙwayar su zuba masa a kunu a ɓoye.

Kada ku yi haka. Tsoho ba yaro ba ne. Ran da ya gane, ko ruwa ba zai ƙara karɓa daga hannunku ba. Ku tambaye shi dalili. Wani fitsarinsa ya gani ya yi ja, ya tsorata. Ɗaya daga ƙwayoyin tarin fuka haka take yi, ba jini ba ne. Amma in yana amai, ko idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ku koma wurin likita maza.

Ciwon huhu iri-iri ne. In tarin fuka ne, maganinsa wata 6 ne, kyauta. In ya yanke, cutar takan dawo da ƙarfi, har ta kama jikokin da ke kwana ɗakinsa. Ku faɗa masa wannan a fili. In kuwa likita ya ce huhun ya riga ya lalace, magani sai dai rage wahala, to, zaɓi nasa ne. Ku kai wa likita maganarsa yadda ya faɗe ta.