Na rage cin abinci amma tumbi ya ƙi sauka: me ke faruwa bayan shekara 40?

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau kan ƙiba za mu yi magana. Na san yawancinku ba ku kai 30 ba, amma ku tsaya ku ji, domin maganar iyayenku ce da yayyenku, kuma ku ma kuna hanya. A garinmu Bici, in ka zauna a majalisa ko mata suka haɗu gidan suna, sai ka ji ƙorafin nan: na daina cin abincin dare, ina azumin Litinin da Alhamis, amma riga sai ƙara matse ni take. Da yawa kuma ba don kwalliya suke son ragewa ba, likita ne ya ce su rage saboda hawan jini ko suga ko ciwon gwiwa.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce girma ne, wai injin jiki ya yi sanyi, ba ya ƙona abinci kamar da. To, a 2021 mujallar Science ta buga wani babban bincike da Herman Pontzer na Jami'ar Duke a Amurka ya jagoranta. An auna mutum fiye da 6,400 a ƙasashe 29, daga jariri ɗan kwana 8 har tsoho mai shekara 95. Abin da suka gano ya ba masana kansu mamaki: in aka yi la'akari da girman jiki da yawan tsoka, ƙona abinci ba ya raguwa tsakanin shekara 20 da 60. Sai an haura 60 yake fara sauka, shi ma a hankali, ƙasa da kashi 1 cikin 100 a shekara.

To in injin bai canja ba, me ya canja? A ganina aikin ne ya tafi ya bar kwanon.

Ku tambayi duk wanda ya tashi a ƙauyukan Bici shekara 30 da suka wuce. Namiji noman fartanya yake tun asuba, ya je kasuwar Badume a ƙafa ko a keke. Mace ta yi surfe, ta yi daka a turmi, ta ja ruwa da guga. Wanda ya yi wannan aikin, malmala uku ta tuwon dawa ba ta zama a jikinsa. Yanzu fa? Ciyawa feshi ake mata, hatsi inji ake kaiwa, ruwa ɗan garuwa ke kawowa, masallacin da ke bayan layi ma da babur ake zuwa. Mutum ya zama mai shago ko malamin makaranta, wuni a zaune, amma malmalar tana nan uku. Sannan tsokar da ba a aiki da ita zaizayewa take tun daga wajen shekara 30, kuma tsoka ta fi kitse cin abinci ko da mutum na kwance.

Sai abin da ba ma ƙirgawa. Wanda ya ce ya rage abinci, tuwo yake nufi. Ba ya lissafa mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori wajen 120 ne, ku tuna yadda ake kwarara shi a kan garau-garau da ɗanwake. Ba ya lissafa shayin safe mai madara da sukari cokali huɗu, da ƙosai da awara da suka sha mai, da furar da aka zuba wa sukari, da lemon kwalba mai sanyi bayan azahar. Kwalba ɗaya 'yar madaidaiciya tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya wuce wajen 12 a wuni gaba ɗaya. Tafiyar rabin awa da ƙyar take ƙona kwalbar nan guda. Shi ya sa wasu ke fita daga watan azumi sun ƙara kilo: an wuni ba a ci ba, an rama da soye-soye daga magariba har sahur.

Akwai kuma wanda da gaske ya takura kansa da yunwa, ya sauke kilo 5 ko 6, bayan wata uku suka dawo har da riba. Wannan ba ragwanci ba ne. Jiki bai san kana neman lafiya ba, shi a wajensa fari aka shiga, sai ya ƙara maka yunwa ya kuma rage kashe abin da ya samu. A Amurka an taɓa yin wata gasar talabijin ta rage ƙiba, The Biggest Loser. Kevin Hall da abokan aikinsa sun bi mutum 14 daga cikin 'yan gasar, suka fitar da sakamako a 2016. Bayan shekara 6 mafi yawansu ƙibar ta dawo, kuma jikinsu na ƙona kalori wajen 500 a rana ƙasa da abin da ya kamata ga mai girmansu. Nasu horon ya wuce misali, amma ya nuna yadda jiki ke ramuwa in an matsa masa da gaggawa.

Ga mata akwai ƙari. Tsakanin shekara 45 zuwa 55, lokacin ɗaukewar al'ada, kitse na barin ƙugu da cinya ya koma ciki, barci kuma ya lalace, ƙarancin barci kuwa na ƙara son ci. Wasu magunguna ma na sa ƙiba, musamman irin su prednisolone da dexamethasone da mutane ke saye a kemis don ciwon gaɓoɓi. Irinsu ne 'yan mata ke haɗiya da sunan sha-ka-fashe don su yi jiki kafin biki. Abin haushi, uwa na neman saukewa a ɗaki ɗaya, 'yarta na sayen ƙiba a ɗaya ɗakin.

Shayin rage tumbi da ake talla a TikTok da bayan mota a kasuwa kuwa, ina roƙonku ku hana iyayenku. Da yawansu maganin wankin ciki ne irin filasko, ko mai sa yawan fitsari. Sikeli zai sauka, amma ruwa ne ya fita, kitsen na nan. Mai hawan jini ko suga da ya dinga tsane ruwan jikinsa haka, ƙodarsa yake wa illa.

Me ke aiki kenan? Ba wani abin burgewa ba ne. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2002, masu dab da kamuwa da suga aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi motsi na minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wajen kilo 6 ke nan kacal, ba sai ya koma jikin samartaka ba.

A kwanon gida, a fara da abin sha mai zaƙi, sannan a auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba. Malmala uku ta koma biyu, a cike gurbin da wake da miyar ganye da kwaɗon zogale ko rama, waɗanda Allah ya hore mana da araha. Masallaci da kasuwa a je a ƙafa. Hajiya da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida minti 15 bayan asuba, ta ƙara bayan isha'i. A samo awon tela a auna ciki daidai cibiya: namiji ya wuce santimita 94, mace ta wuce 80, to a fara kula ko da sikeli bai nuna yawa ba.

Wanda ke shan maganin suga kada ya fara tsallake abinci sai ya ga likita, don sugan na iya faɗuwa ya sume. Mai ƙibar da ta zo da kasala da jin sanyi ko kumburin wuya, ko kumburin ƙafa, shi ma asibiti zai je a yi gwaji tukuna.

Nan za mu tsaya. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, za mu ɗauko wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.