Takarda Ke Magana Kafin Matuƙi Ya Buɗe Baki

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo ya ratsa ta Kabo, ya san cewa sunan wannan gari ya daɗe yana yawo a sararin samaniya. A shekarar 1980 ne marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air, wanda ya fara aiki a 1981, ya kuma yi suna wajen jigilar alhazai. Ta haka samarin wannan yanki suka gane cewa tuƙin jirgi sana'a ce da ɗan ƙauye ma zai iya kaiwa gare ta, musamman ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama nan kusa a Zariya tun 1964.

Amma kamfanin jiragen sama ba ya dawwama. Lokacin da Nigeria Airways ya durƙushe a 2003, matuƙan da suka shekara da shekaru suna aiki sun wayi gari suna rubuta takardar neman aiki tamkar sababbin ɗalibai. A irin wannan hali ne gwani yake gane cewa babban kamfani ba ya ɗaukar mutum saboda furfura ko yabon abokan aiki. Abin da ke rubuce shi ake dubawa.

Na farko shi ne littafin da matuƙi yake rubuta awoyin da ya yi a sama. Lasisi mafi daraja, wanda ake bukata kafin a zama kyaftin a jirgin fasinja, yana neman aƙalla awa 1,500. Sai dai jimla kaɗai ba ta isa. Masu tantancewa suna so su ga an rarrabe: awa nawa yana shugaban jirgi, nawa yana mataimaki, nawa da dare, kuma a wane irin jirgi. Wajibi ne adadin da ke takardar neman aiki ya yi daidai da na littafin, domin saɓani kaɗan yana jawo zargi. Haka kuma, mai hankali yakan nemi sa hannu da hatimin kamfaninsa tun yana cikin aiki, don in kamfani ya rufe, samun mai shaida yakan yi wuya.

Na biyu, kowane irin babban jirgi yana da izninsa dabam. Wanda ya ƙware a Boeing 747 ba zai hau kujerar Airbus ba sai ya sake horo ya ci jarrabawa. Bugu da ƙari, iznin yana da wa'adi, saboda haka ya kamata mai nema ya bayyana ranar tashinsa na ƙarshe da ranar gwajinsa na ƙarshe a na'urar kwaikwayon tuƙi.

Na uku, takardar shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya, wadda ake sabuntawa duk shekara, ko duk wata shida ga wanda ya kai shekara 60. Akwai kuma shaidar iya Turanci, inda hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, ta ƙayyade mataki na 4 a matsayin mafi ƙaranci. Ita ce kuma ta yanke cewa wanda ya cika shekara 65 ba zai ci gaba da tuƙa jirgin fasinja tsakanin ƙasashe ba, don haka jinkiri asara ce.

Daga ƙarshe sai gaskiya. Idan matuƙi ya taɓa faɗuwa gwaji ko ya gamu da matsala a sama, gara ya faɗa da kansa, ya bayyana darasin da ya koya, domin kamfanoni sukan bincika tarihin mai nema.

Wannan darasi bai tsaya ga matuƙa ba. Ɗalibin da ke Gwarzo ko Kabo yana burin wannan sana'a, da ma'aikacin da ke jiran ƙarin girma, su riƙa adana shaidar aikinsu tun daga ranar farko. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.