Mai Sayar Da Maki, Ɗan Ƙauye Yake Cuta

Manomin Kajuru da ya sayar da hatsinsa ya tura ɗansa Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, ilmi yake nema masa, ba takarda kawai ba. To, amma a manyan makarantun Nijeriya akwai miyagun ɗabi'u na wasu ma'aikata da ke cin irin wannan buri kamar gara, watau ƙin shiga aji, sayar da maki, da neman ɗalibai mata da lalata.

Abin ya wuce jita-jita. A watan Disamba na 2018 kotu ta ɗaure Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara biyu saboda neman ɗalibarsa da lalata don ya ba ta maki.

Ɓarnar kuwa ba ta tsayawa a jami'a, domin wanda ya sayi maki yau shi ne malamin firamare gobe. A 2017 malamai 21,780 cikin kimanin 33,000 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu da Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi musu. Dalilan faɗuwar suna da yawa, amma tilas hukumomin makarantu su fara gyara daga ɗakin da ake ba da maki.