Daga Zawaciki Zuwa Bakin Teku: Kukan Kyaftin-Kyaftin Ya Shafe Mu

A ranar 30 ga Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, a ƙaramar hukumar Kumbotso. Tashar jirgin ruwa ce a garin da teku ke nesa da shi da kusan kilomita 1,000. Manufarta ita ce kwantenar ɗan kasuwar Kwari ta sauka a Legas ta wuto Kano kai tsaye, a yi mata kwastam a gida, haka kuma riɗi da zoɓo da fatun da ake jemewa a Challawa su kama hanyar ƙetare daga nan. An yi murna, kuma ya cancanta. Amma ranar ba wanda ya tambayi jirgin wa zai ɗauko kayan, ko wa zai tuƙa shi.

Manomin rani a Kura ko Bunkure zai ce ina ruwansa, shi da ruwan Tiga ke isa gonarsa ta kwalbati. Da ruwansa kuwa, har da tsaki. Injin ban ruwan da yake tayarwa da asuba ta teku ya zo, galibi daga Sin. Haka maganin feshi. Takin zamani ma, duk da ana yin yuriya a cikin ƙasa, sinadarin fosfet daga Maroko ake kawo shi, fotash kuma daga wasu ƙasashen. Kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin hajar da duniya ke cinikayya a kan teku yake tafiya. Duk abin da aka ƙara a kuɗin dakon jirgi, a kan buhun taki yake sauka.

Masu tuƙa waɗannan jirage suna da ƙungiya a Najeriya, wato Ƙungiyar Ƙwararrun Kyaftin-Kyaftin na Jiragen Ruwa, NAMM, wadda harkokinta suka fi yawa a Legas. A duniya kuma akwai tarayyar irin waɗannan ƙungiyoyi, IFSMA, da aka kafa a 1974, mai ofis a Landan, wadda ke kai bakin kyaftin-kyaftin zauren hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Aikinsu ya wuce neman ƙarin albashi. Kyaftin shi ne mai alhakin jirgi da rayukan da ke ciki da kayan jama'a, kuma idan mai ya malala a teku ko aka ga haramtattun kaya a cikin jirgi, shi ake fara kamawa, ko da mai jirgin na zaune lafiya a wata nahiya. Dole a samu masu tsaya masa.

Babban kukan na Najeriya shi ne rashin jiragen kanmu. Da muna da su. An kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, a 1959, kuma a ƙarshen shekarun 1970 yana da manyan jirage sama da 20 masu ɗauke da tutar Najeriya. Bashi da rashin iya riƙo suka ci shi, aka rushe shi a 1995. Yawancin dattawan da ke cikin ƙungiyar a jiragen nan suka koyi aiki, kuma tsufa na cim musu.

A nan ne matsalar take, kuma ita ce wadda ba a cika fahimta ba a Arewa. Ba a zama kyaftin da karatun aji kaɗai. Yarjejeniyar duniya ta 1978 kan horar da ma'aikatan teku ta ce ɗalibi sai ya yi aƙalla wata 12 a cikin jirgi yana koyon aiki kafin a ba shi takardar shaidar zama ƙaramin jami'i. Kafin ya riƙe babban jirgi kuwa sai ya ƙara wasu shekaru yana tsaron aiki a ƙarƙashin wani. Makarantar koyon aikin teku da ke Oron a jihar Akwa Ibom tana yaye ɗalibai, hukumar kula da sufurin teku ta ƙasa, NIMASA, ma tun 2008 take tura matasa karatu ƙasashen waje. Sai yaro ya gama, ya dawo, babu jirgin da zai shiga. Kamar a koya wa mutum tuƙin tirela a kan allo ne, a ce ya je ya nemi lasisi.

Gwamnati ta yi doka a 2003 cewa jigilar kaya tsakanin tashoshin cikin ƙasa ta jiragen 'yan Najeriya ce, ma'aikatan ma 'yan ƙasa. Dokar ta buɗe asusu da ake zuba kashi 2 cikin 100 na kuɗin kwangilar jigila, don a ba 'yan ƙasa rance su sayi jirage. Shekara 20 ta wuce ana tara kuɗin ba a raba ba, ana kuma ta ba jiragen waje izinin musamman saboda namu ba su isa ba. A ganina wannan shi ne abin kunya mafi girma a harkar.

Ba duka ne ya lalace ba. Fashin teku a mashigin Gini ya ragu ƙwarai bayan dokar hukunta 'yan fashin teku ta 2019 da shirin tsaro da aka ƙaddamar a 2021, lokacin da Bashir Jamoh, ɗan Kaduna, ke shugabantar NIMASA. Sai dai kamfanonin inshora sun ci gaba da cajin jiragen da ke zuwa Najeriya ƙarin kuɗi irin na yankin yaƙi, wanda a ƙarshe mai saye a Singa ko Kwanar Gafan ke biya.

Tun 2023 akwai ma'aikata guda ta tarayya mai kula da harkokin teku. Kano na da tashar tsandauri, Kaduna na da tata tun 2018, Funtuwa ma ta samu. Wakilanmu a Majalisar Tarayya su daina ɗaukar maganar jiragen ruwa a matsayin ta mutanen Legas da Fatakwal; su tambayi ina aka kwana kan asusun nan da batun jiragen horo. Gwamnatin Kano kuma, da ta saba tura ɗalibai karatun likitanci da tuƙin jirgin sama, ta ware wa yaranmu gurbi a wannan fanni, amma kada ta biya kuɗin makaranta sai ta tabbatar akwai jirgin da za su yi wata 12 ɗin nan a cikinsa.