Injin Ɗaga Kaya: Na Lantarki Ko Na Dizal?

A shekarar 1925 aka gama gina madatsar ruwa ta Makwar, wadda yanzu aka fi sani da madatsar Sannar, a kan Shuɗin Kogin Nilu. Ita ce ta shayar da gonakin audugar Jazira, inda Hausawa da Fulani da yawa suka yi ƙwadago. In an gurza auduga, sai a matse ta dila-dila, kowace dila kusan kilo 200, a kai ta Port Sudan. Domin irin wannan nauyi ne aka ƙera injin ɗaga kaya. Da Larabci ana ce masa rafi'a shaukiyya, saboda ƙarafa biyu da ke gabansa kamar cokali mai yatsu.

Injin iri-iri ne, amma biyu za mu duba. Na lantarki yana ɗauke da ƙaton batir, wanda nauyinsa kan kai tan ɗaya. Wannan nauyi ba asara ba ne, shi ke hana injin kifewa in ya ɗaga kaya sama. Ba ya hayaƙi, ba ya ƙara sosai. A cikin siton auduga kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tartsatsi ɗaya daga salansar injin dizal ya isa ya tashi gobara, hayaƙinsa kuma yana cutar da lebura a rufaffen wuri. Aibinsa shi ne jira: batirin dalma yakan yi awa 8 yana aiki, awa 8 a caji, sannan a bar shi ya huce.

Na dizal ba ruwansa da wannan. A cika tanki cikin 'yan mintoci, ya koma aiki. A fili ma ya fi ƙarfin hali, musamman da damina, lokacin da baƙar lakar Jazira ke riƙe taya.

To, amma a Sudan tambayar farko ita ce, wanne za a samu, wuta ko mai? Madatsar Makwar tana ba da wuta tun 1962, sai dai megawat 15 ne kacal. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuma ya taɓa matatar mai da tashoshin wuta duka. A ganina, mai siton auduga ya sayi na lantarki, amma kada ya biya kuɗinsa sai ya tanadi faifan sola da batir na biyu.