Mayar da waƙa fayil ɗin MIDI: abin da na'ura ke iya ji da abin da ke gagarar ta

Masu haɗa kiɗa a situdiyo sun saba jin wannan buƙata, daga Maraɗi har Garwa da Njamena. Mawaƙi ya zo da tsohuwar waƙarsa a waya, yana so a sabunta ta saboda biki, ko a ɗan ɗaga kiɗan don ya dace da muryar sabuwar 'yar amshi. Kwamfutar da aka yi aikin a kanta ta daɗe da mutuwa, abin da ya rage kawai shi ne fayil ɗin MP3 da ya sha yawo a WhatsApp. Mai situdiyo ko dai ya zauna ya kasa kunne ya sake kaɗa komai a fiyano daga farko, ko kuwa ya ba wata manhaja waƙar ta fitar masa da ita a matsayin fayil ɗin MIDI. Hanya ta biyu ta yi sauƙi ƙwarai a 'yan shekarun nan, har da manhajojin kyauta. Sai dai wanda ya ɗauka aikin irin na mayar da WAV zuwa MP3 ne zai sha mamaki idan ya saurari abin da ya fito.

Dalili shi ne babu sauti ko kaɗan a cikin fayil ɗin MIDI. Umarni ne a jere: a danna madanni kaza a lokaci kaza, da ƙarfi kaza, a sake shi bayan daƙiƙa kaza. Kowane madanni yana da lamba daga 0 zuwa 127. Do na tsakiyar fiyano shi ne 60, La da ake saita kayan kiɗa da shi kuma 69. Ƙarfin dannawa ma da lamba ake auna shi, iyakarsa 127, sannan akwai layuka 16 da za a iya raba wa kayan kiɗa daban-daban. Shi ya sa fayil ɗin ba ya da nauyi. Minti ɗaya na sauti mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabayit 10, domin ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, alhali waƙa sukutum a MIDI sau da yawa ba ta wuce 'yan kilobayit goma-goma ba. Amfanin kuma a fili yake: da umarnin a hannu, ana iya sauya abin kiɗa, a ƙara sauri ko a rage, a ɗaga murya ko a sauke, a gyara kuskure guda ba tare da an taɓa sauran ba.

Tsarin ya samo asali ne daga yarjejeniyar masu ƙera kayan kiɗa na lantarki, waɗanda a da na'urorinsu ba sa jin yaren juna. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan su ne kan gaba. A watan Janairun 1983 aka haɗa fiyanon Prophet-600 da Jupiter-6 da waya guda a gaban jama'a, aka danna ɗaya ɗayan ya amsa.

Yadda manhaja ke hasashe

Daga MIDI zuwa sauti abu ne mai sauƙi, na'ura tana bin umarni ne kawai. Daga sauti zuwa MIDI kuwa kamar a ba mutum miyar da ta riga ta dahu ne, a ce ya faɗi yawan daddawa da kuka da yajin da aka zuba, da lokacin da kowanne ya shiga tukunya. Mai gwanin harshe zai kusanta, amma hasashe yake yi.

Matakin farko shi ne gano kaurin sauti ko sirantakarsa, wato sau nawa iska ke girgiza a daƙiƙa ɗaya. La mai lamba 69 yana girgiza sau 440. Manhaja tana yanka waƙar gutsi-gutsi, ta yi amfani da lissafin da ya samo asali daga Joseph Fourier, masanin lissafi Bafaranshe na farkon ƙarni na 19, ta tantance girgizar da ke cikin kowane gutsure. A nan matsala ke farawa. Tsirkiyar da ke girgiza sau 220 ba wannan sautin kaɗai take fitarwa ba, tana haɗawa da wasu a kan 440 da 660 da 880 da sama. Su ne ke sa kunne ya bambanta goge da sarewa ko da suna kan murya ɗaya. Ita kuwa manhaja sai ta yanke shawara: tsirkiya ɗaya ce ta fitar da duk waɗannan, ko madannai huɗu aka danna tare? Idan ta kuskure, sai a ga La na sama a inda ya kamata a ga na ƙasa, ko wani Mi da babu wanda ya taɓa.

Sai kuma gano inda sauti ya fara da inda ya ƙare. Farkon sautin fiyano a fili yake, domin yakan faɗo ne da ƙarfi sannan ya dusashe. Muryar mutum kuwa takan zame daga wani sauti zuwa wani ba tare da iyaka ba, ga kuma amsa-kuwwar da situdiyo ke ƙarawa, wadda ke sa sautin da ya wuce ya riƙa bin na gaba. Abin kiɗa ɗaya mai fitar da sauti ɗaya-ɗaya an daɗe da shawo kansa. Cikakkiyar waƙa mai murya da amshi da ganguna da fiyano a cakuɗe ita ce har yanzu ke ba da wahala.

Kamfanin Celemony na Jamus ya yi suna da manhajar Melodyne, wadda tun 2009 take iya tsinto sautuka ɗaya bayan ɗaya daga cikin waɗanda aka kaɗa tare. Ableton Live ta zo da nata tsarin a 2013. A 2022 kamfanin Spotify ya saki Basic Pitch kyauta, ana iya amfani da ita kai tsaye a intanet ba tare da an sauke komai ba. Sababbin manhajojin koyo suke yi daga misalai, kuma nan ne ya kamata a lura. A 2018 masu bincike na Google sun tattara kimanin sa'o'i 200 na kiɗan gasar fiyano, wanda aka kaɗa a kan fiyanon Yamaha Disklavier mai rubuta kowace dannawa da kansa. Ga sauti ga amsarsa a gefe, sai na'ura ta yi ta koyo har ta gwanance. Abin da aka koya mata shi ta iya.

Inda kiɗan Hausa ya shigo

Ga waƙoƙin finafinan Hausa da na bukukuwan zamani labarin mai daɗi ne. Tun daga shekarun 1990 yawancinsu a kan fiyanon lantarki ake haɗa su, musamman samfurin Yamaha PSR. Sautukansu suna zaune daidai kan madannai, saurinsu ba ya canzawa daga farko zuwa ƙarshe, don haka mayar da su MIDI kamar mayar da su gida ne.

Kiɗan gargajiya wani abu ne daban. MIDI ya raba tazarar da ke tsakanin Do da Do na gaba gida 12 daidai wa daida, kamar yadda fiyanon Turai yake. Mai goge ba shi da madannai, yatsa yake ɗorawa a kan tsirkiyar gashin doki, kuma sautinsa yakan faɗa tsakanin madannai biyu. Manhaja sai ta ja shi zuwa mafi kusa, ko ta yi ta tsalle tsakanin biyun, a samu tarin gajerun sautuka a inda makaɗi ya ja guda ɗaya mai lanƙwasa. Kalangu ya fi haka wuya. Makaɗi yana matse tsarkiyoyinsa a hammata yana saki, fata tana ɗaurewa tana sassautawa, sauti yana hawa yana sauka yana bin karin harshen Hausa, shi ya sa mai ji yake gane kirarin da ake yi. Manhajar da ke sauraron ganguna kuwa tambayarta wata ce: tsarin Ableton, alal misali, babbar ganga da ƙaramar ganga da farantan ƙarfe na kiɗan Turawa yake nema. Zai iya kama lokacin bugu, amma maganar da kalangu ke yi ta ɓace.

MIDI yana da hanyar lanƙwasa sauti mai matakai 16,384, kuma Basic Pitch tana ƙoƙarin kama ta. Sai dai a tsohon tsarin lanƙwasar tana shafar duk abin da ke kan layi ɗaya ne, matsalar da sabon tsarin MIDI 2.0 na 2020 ya zo da maganinta. Ko an kama lanƙwasar ma, sai an sami abin da zai kaɗa ta. Jerin kayan kiɗa 128 na General MIDI, wanda aka tsayar a 1991, yana da sitar na Indiya da koto na Japan da kalimba, amma babu goge, babu kalangu, babu kuntigi irin na marigayi Ɗan Maraya Jos. Mai neman algaita sai ya yi maneji da shanai ta Indiya, 'yar uwarta ta nesa.

Tsofaffin kaset-kaset suna da nasu ciwon. Rikodar da ta ɗan yi sauri ko ta ja ƙafa tana ɗaga duk waƙar ko ta sauke ta, ga shuu ɗin zaren kaset da manhaja kan ɗauka kiɗa ne. Kafin a fara komai sai an tsabtace sautin an daidaita saurinsa.

Hanyar da ta fi ba da sakamako ita ce a raba waƙar tukuna. Kamfanin Deezer na Faransa ya saki manhajar Spleeter kyauta a 2019, tana ware murya da ganguna da kiɗa mai kauri da sauran, har gida biyar. Demucs ta kamfanin Meta ma irin aikin take yi. Sai a ba manhajar MIDI kowane kashi shi kaɗai, daga fayil mafi inganci da aka samu, domin MP3 da aka matse sau da yawa ya riga ya zubar da wani abu daga sautinsa. Bayan haka aikin ya koma hannun mutum: a kunna asalin waƙar da sabon fayil tare, a goge sautukan bogi, a haɗe waɗanda suka tsinke. Wani lokaci gyaran yakan ɗauki lokaci fiye da sake kaɗawa da hannu, musamman ga wanda kunnensa ya ƙware. Kashin kalangu kuwa ya fi sauƙi a kira makaɗi a ɗauki sabo.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. Fitar da waƙar wani a MIDI da sauya mata kayan kiɗa bai mayar da ita ta mai situdiyo ba, domin doka tana kare karin waƙar kansa, ba faifan kaɗai ba. Nijar da Kamaru da Cadi duk mambobi ne na ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, kuma a Nijar hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mawaƙa da makaɗa. Wanda zai sayar da sabon aikin ko ya ɗora shi a YouTube sai ya nemi izinin mai waƙa, ko na magadansa idan ya rasu.