Toyota Venza a kan Ma'auni: Yadda Ake Tantance Jif Mai Layin Kujeru Biyu

Matsakaiciyar jif mai layin kujeru biyu mota ce ta mutum biyar: direba da na gefensa, uku a baya, ragowar fili kuma na kaya. Ta fi RAV4 da CR-V faɗi da tsawo, amma ba ta da ƙarin kujerun can baya irin na Highlander ko Honda Pilot. Lexus RX ta 1998 na cikin waɗanda suka share wa wannan aji hanya, Nissan Murano ta biyo baya a 2002, Ford Edge kuma a 2006. Kusan dukkansu a kan ginshiƙin ƙaramar motar gida aka gina su. Jiki da shasi a haɗe suke, ba kamar Prado ko Land Cruiser ba, waɗanda ake ɗora jikinsu a kan firam na ƙarfe. Daga nan halayensu suka samo asali: laushin tafiya a kwalta, sauƙin shan mai idan aka gwada da manyan jif, da gazawa a hanyar daji.

Toyota Venza misali ce mai kyau, musamman da yake ta cika titunan Najeriya. An fara nuna ta a bikin baje kolin motoci na Detroit a Janairun 2008, aka soma ƙera ta a ƙarshen wannan shekara a masana'antar Toyota da ke Georgetown a jihar Kentucky ta Amurka, a kan ginshiƙin Camry. An sayar da ita a Amurka daga ƙirar 2009 zuwa ta 2015. Sunan ya dawo a ƙirar 2021, amma a jikin wata mota daban: Harrier ta Japan ce aka sauya wa suna, mai haɗa fetur da lantarki. Ita ma an tsayar da ita bayan ƙirar 2024, Crown Signia ta gaje ta. Saboda haka Venza iri biyu ce, kuma hukuncin da ya dace da ɗaya ba lallai ya dace da ɗayar ba.

Wanda ya haƙura da layi na uku, abin da yake nema a madadinsa shi ne walwalar mutum biyar da kayansu. Don haka tantancewa ta gaskiya daga kujerar baya take farawa, ba daga gaban sitiyari ba. Tsohuwar Venza tana da tsawon mita 4.8, tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya kuma milimita 2,775 ce. Wannan tazara ita ke ba ƙafa wurin miƙewa. Dogon mutum zai zauna a bayan dogon direba gwiwarsa ba ta tokari kujera ba, majinginar kuma tana kwantawa baya kaɗan, abin da fasinjan Kano zuwa Maiduguri zai san amfaninsa tun kafin a kai Potiskum. Faɗin cikinta ma ya ishi manya uku, ko da yake na tsakiya, kamar a kowace mota, shi ke kan wuri mafi tauri. Gwajin da ya fi kowane adadi faɗar gaskiya shi ne a sa manya uku su zauna da irin suturar da suka saba fita da ita. Rufin waɗannan motoci yana gangarowa ta baya don ado, kuma wadda aka yi wa rufin gilashi tana ƙara rasa wani abu na sararin kai. Hula ko ɗaurin ɗankwali ne ke fara gano haka.

Akwai kuma shiga da fita, wanda ba a cika rubuta shi a takardar bayanin mota ba. Kujerar tsohuwar Venza tana daidai ƙugun mai matsakaicin tsayi, dokin ƙofarta kuma a ƙasa yake, don haka ba a hawa, ba a kuma durƙusawa. Gidan da ke ɗaukar tsoho ko mai ciwon gwiwa zuwa asibiti, wannan kaɗai ya isa ya rinjayar da zaɓinsu.

A wajen kaya, tsohuwar ta yi wa sabuwar nisa. Idan aka kwantar da kujerun baya, waɗanda suka rabu kashi 60 da kashi 40, filin ya kai kusan lita 1,980, kuma akwai hannuwa a cikin but ɗin da ake ja kujerun su kwanta ba sai an zagaya ba. Sabuwar ta 2021 ta fi gajarta, tazarar tayoyinta milimita 2,690 ce, but ɗinta kuma, idan kujerun baya na tsaye, kimanin lita 815 yake ɗauka, ƙasa da na RAV4 ta zamaninta mai sama da lita 1,000, alhali RAV4 ake kira ƙarama. Mota da ake sayarwa a matsayin matsakaiciya, a ce ƙanwarta ta fi ta cin kaya, wannan nakasu ne babba a wannan aji. Sai dai adadin lita yana da ruɗi. Amurkawa kan auna har zuwa rufi, Turawan Turai kuma galibi zuwa gindin gilashi, don haka alƙaluman ɓangarorin biyu ba sa gwaduwa. Abin dubawa shi ne faɗin ƙasan but tsakanin tudun tayoyi, da tsayin bakinsa daga ƙasa, domin buhun shinkafa ɗaga shi ake yi.

Jin daɗin tafiya kuwa, rabinsa a taya yake, kuma a nan ne ado ya ci wa tsohuwar Venza riba. Mai fulogi huɗu ta zo da rim mai inci 19 da taya 245/55, mai fulogi shida kuma da inci 20 da taya 245/50. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta ne a matsayin kaso na wannan faɗi. Ke nan gefen tayar inci 19 ya kai kusan milimita 135, na inci 20 kuma kusan 122. Wannan roba da iskar da ke cikinta su ke fara karɓar dukan rami kafin ya isa ga shokozoba. Duk lokacin da rim ya girma, robar ta ragu, dukan kuma sai ya wuce zuwa bayan fasinja. Tun a Amurka, inda tituna suka fi santsi, masu gwajin motoci sun yi ƙorafin taurin tafiyar mai inci 20. A hanyar da damina ta farfasa, lamarin ya wuce rashin jin daɗi: gefen taya yakan kumbura, rim yakan lanƙwashe ko ya tsage, kuma tayar wannan girman ba ta da arha, ba kuma kowane gari ake samunta ba. Manyan rim suna ƙawata mota a bakin gareji, amma mai ita ne ke biyan kuɗin adon a kowace tafiya.

Ƙara ma ma'auni ce. Ana kashe rediyo a hau gudun kilomita 100 a sa'a, sannan a saurara ko na baya zai ji maganar direba ba tare da ɗaga murya ba. Faffaɗar taya tana gurnani a kan kwalta mai kaushi, kuma motar da but ɗinta ke haɗe da wurin zama ta fi barin ƙarar tayoyin baya ta shigo. Sabuwar Venza ta fi shiru a cikin gari, domin tana iya tashi da lantarki kawai. Na'urar sanyaya ciki kuma da rana tsaka ake gwada ta, motar a tsaye, ana jin abin da ke isa kujerar baya. Rufin gilashi, har da na Star Gaze da ke samfurin Limited na sabuwar, wanda ke yin hazo-hazo da danna maɓalli, an tsara shi ne don masu marmarin rana. A watan Afrilu a Sakkwato ƙarin aiki ne ga na'urar.

Fasahar cikin mota kashi biyu ce, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai ta tsaron rai, akwai ta nishaɗi. Tsohuwar Venza ta zo da jakunkunan iska bakwai, har da ta gwiwar direba, da birkin ABS, da na'urar VSC mai taka wa kowace taya birki daban idan mota ta fara sulɓewa a kwana. Waɗannan ba sa tsufa muddin suna aiki. Sabuwar ta ƙara da Toyota Safety Sense 2.0: birkin gaggawa mai kama kansa, da riƙe tazara da motar gaba, da gargaɗin barin layi. Na ƙarshen nan fentin layin titi kyamararsa ke karantawa, inda babu fenti kuwa babu abin da zai gani. Na'urorin da ke hango gaba kuma suna buƙatar a sake saita su bayan gyaran gaba ko canjin gilashi, aikin da ba kowane gareji ke da kayansa ba.

Allon nishaɗi shi ne abin da ya fi saurin tsufa a kowace mota. Taswirar da ke cikin tsohuwar Venza ta Arewacin Amurka ce, ba ta san Zariya ba. Rediyon da aka yi wa kasuwar Amurka yana tsallen tashoshin FM ne a lambobin mara, 88.1, 88.3, 88.5, saboda haka tashar da ke kan lambar cika ba ta kamuwa da kyau. Kujera mai ɗumama jiki, da ake lissafawa cikin alatu, sai dai a tuna da ita a 'yan kwanakin hunturu. Sabuwar tana da Apple CarPlay da Android Auto, waɗanda ke mayar da aikin taswira da kiɗa ga wayar direba, kuma wannan ya fi amfani. Amma a manyan samfuranta masu allon inci 12.3 an maye maɓallan murɗawa da na shafawa, direba sai ya kalla kafin ya rage sanyi ko sauti. Wannan ci baya ne, komai kyansa a ido.

A tuƙi, tsohuwar tana da inji iri biyu, dukkansu da giya shida mai canja kanta: mai fulogi huɗu, lita 2.7, ƙarfin dawaki 182, da mai fulogi shida, lita 3.5, ƙarfin dawaki 268. Nauyin motar ya haura tan 1.7. Ƙaramin injin ya wadatar a gari, amma da mutum biyar da kaya, idan aka zo wuce tirela a hanya mai hannu biyu, sai ya yi kuka kafin ya ba da gudu. Babban injin ba ya jinkiri a irin wannan wuri, kuma bambancin shan mansu bai kai yadda ake zato ba. A ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ƙaramin mai jan gaba yana yin kusan kilomita 9 da lita ɗaya a gari da 12 a babbar hanya, babban kuma kusan 8 da 11. Sitiyarin na lantarki ne, mai sauƙin murɗawa wajen fakin, amma ba ya gaya wa hannu abin da taya ke takawa. Mota ce ta tafiya a natse, ba ta wasa da kwana ba.

Sabuwar tana da injin lita 2.5 da injinan lantarki, jimlar ƙarfinsu dawaki 219, kuma injin lantarki ne ke tura tayoyin baya. A gari takan yi kusan kilomita 17 da lita ɗaya, ninkin abin da mai fulogi shida ke yi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a ƙarshen Mayun 2023, wannan bambanci ya zama babbar hujja. Ribar ta fi fitowa a cunkoso, inda inji ke mutuwa da kansa, birki kuma ke mayar da caji ga batir. A doguwar hanya tazarar tana raguwa. Batirin yana ƙarƙashin kujerar baya, kuma da iskar cikin mota ake sanyaya shi, don haka a ƙasar ƙura dole a riƙa duba mashigar iskar da matatarta.

Alamar AWD, wato jan tayoyi huɗu, ba ta mayar da ɗayansu motar daji. Tana taimakawa a santsin ruwan sama da taɓo marar zurfi, shi ke nan. Tsohuwar tana da tazarar milimita 205 daga ƙasa, wadda ta ishi tudun rage gudu da hanyar burji, amma hancinta dogo ne, ba ta da giyar ƙarfi ta hawan dutse ko ratsa yashi.

Da yake Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocin Amurka masu sitiyari a hagu suna shigowa ba tare da sauyi ba, kuma ta wannan hanya yawancin Venza suka iso, bayan sun yi aiki a can. Mafi ƙuruciyar tsohuwar da aka sayar a Amurka ƙirar 2015 ce, don haka lafiyar motar da ke gaban mai saye ta fi duk alƙaluman kamfani muhimmanci. Agogonta mil yake ƙirgawa: mil 100,000 kilomita 160,900 ne. Lambar VIN mai haruffa da lambobi 17, wadda ake gani ta gindin gilashin gaba, tana buɗe tarihin motar a rumbunan bayanai irin su Carfax, inda ake gane wadda ta yi mummunan haɗari ko ambaliya ta shanye aka yi gwanjonta. Fitilar jakar iska ya kamata ta kama idan an kunna mota, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Wadda ba ta kamawa sam, ana iya zargin an cire ƙwanta don a ɓoye matsala. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Sauran kuma aikin bakanike ne: ya ɗaga motar ya duba yoyon mai a inji da giyabos, tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan jihohin ƙanƙara, da robobin ƙafa waɗanda manyan rim ke saurin gajiyarwa.